Tsaga Goma Sha Uku

A Sabon Garin Maraɗi, idan ka tambayi shagon Maliki tela za a ce maka wane Maliki. Ka ce Maliki mai sojoji, ko ɗan kabu-kabun da ya shigo gari jiya zai kai ka har ƙofa.

Shekara ashirin ke nan yana gyara wa sojoji da jandarmomi kaki: ya rage ƙugu, ya ɗaga ƙafar wando, ya liƙa galon muƙami a kafaɗa. Guntayen yadin da suka faɗo ƙarƙashin keke ba ya zubar da su. Da su yake tufatar da ƴan sojojinsa na waya da itace, waɗanda tsawonsu bai kai kamu ɗaya ba. Takalminsu daga tsohon tiyub ɗin babur yake yankawa, bindiga kuwa gwangwanin tumatir ne da wayar laima. Kuma mutumin akwai taurin kai a kan daidai. Ya taɓa warware rigar da ya yi kwana uku yana ɗinki don wani tsohon soja ya ce aljihun ya sauka da faɗin ɗan yatsa. Matarsa Tahira takan ce da zai kula da maɓallin rigarsa yadda yake kula da na ƴan itacen nan, da ya fi kowa ado a unguwar.

Abu ɗaya ne sojojin Maliki ba su da shi: fuska. Kai ne kawai sumul kamar ƙwan zabo, da hula a karkace. Ranar da mahaifinsa, limamin wani ƙaramin masallaci, ya fara ganin aikin, ya jujjuya shi ya ce, "Tufa aikinka ne, yi abinka. Amma ido da hanci da baki na Mai halitta ne, kada ka taɓa." Maliki ya yi alkawari. Tsohon ya rasu da daɗewa, alkawarin yana nan. Wani kwamanda ya sha lallashinsa ya yi masa fuskarsa, Maliki ya ba shi haƙuri da shayi.

Wata ranar Laraba da hantsi, wata mace mai suna Saudatu ta shigo daga Tibiri riƙe da hannun tsohuwarta, Tsahara, wadda idonta ya rufe shekara shida da suka wuce. Ɗan tsohuwar, Hafizu, soja ne, ya rasu a bakin aiki can gabas, a can kuma aka binne shi. Abin da ya dawo gida hoto ne da tsohuwar riga. Hoton kowa ya gani ban da uwar.

"Ɗana," in ji Tsahara, "an ce kai ka yin sojoji. Ina son nau. Abin da hannuna za shi gani nika so."

Maliki ya karɓi rigar da hoton da hannu biyu. Sati biyu ya yi a kanta. Daga jikinta ya yanki yadin, ya je bariki ya tambayi abokan Hafizu yadda yake naɗe hannun riga, da ɓangaren da yake rataya gorar ruwa. Har layar da uwar ta ɗaura masa a damtse sai da ya ɗinka, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero. Bai taɓa aikin da ya kai wannan kyau ba, shi ma ya sani.

Da suka dawo, Tsahara ta zauna a benci, ta karɓi ɗan sojan, ta fara daga takalmi. Ta shafa igiyarsa, ta hau ɗamara, ta tsaya a kan layar ta yi murmushi. Sannan babban yatsanta ya kai ga fuska. Ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa.

"Kayan nashi na," ta ce a hankali. "Amma shi ba ya ciki."

Ta miƙo masa abinsa. Ba faɗa, ba kuka, kuma wannan ya fi yi wa Maliki ciwo. Ga wuƙar sassaƙa a kan tebur, hanci da ido aikin minti goma ne. Ga kuma muryar mahaifinsa a kunnensa. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a fuskar tsohuwar. A nan ya ga abin da ya yi sati biyu yana kallo a hoto bai lura ba, shi da ke ƙirga ramukan igiyar takalmi: tsagar Gobirawa, daga gefen baki ta nufi kunne, irin wadda ke kumatun Hafizu.

Ido da hanci halittar Allah ne. Tsaga kuwa aikin wanzami ce, hannun ɗan Adam ya yi ta, kamar yadda ɗinki yake aikin tela.

"Inna, wa ya yi mashi tsaga?"

"Inusa wanzami, ran suna. Ni ina ɗaka ina jin kukanai, ina yin nau."

"Ki ba ni izini in duba taki."

Ta ɗaga haɓa. Maliki ya ɗauki sabuwar reza, yana duban kuncinta yana ja a kan itacen, shida a wannan gefe, bakwai a wancan. Ya hure ƙurar, ya sa mata a tafin hannu.

Tsahara ta bi tsagar da farce ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Da ta kai ta goma sha uku sai farcenta ya tsaya a kanta, har Saudatu ta matso za ta riƙe ta. Tsohuwar ta kwance bakin mayafinta, ta lulluɓe ɗan sojan, ta manna shi a ƙirji.

"Hafizu," ta ce, "ka rame. Taso mu tahi gida."