Ƙafar Yayana

Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya a garin Sabha na Libiya yayana ya kawo mini wata 'yar na'urar karatu. Faɗinta kamar tafin hannun namiji, fuskarta fari da baƙi kamar takarda. Wani ɗan Libiya da yake gyara wa mota a garejinsu na unguwar Manshiya ne ya ba shi. Yaya bai yi nisa a boko ba, amma ya san wahalar da muke sha. Littattafanmu ba sa samuwa a gari, kwafin kwafi muke yi, har zanen ƙashi ya koma kamar shafar gawayi.

Wata abokiyar karatuna ta zuba mini littattafan darasi a ciki, na Larabci da na Turanci, ni kuma na ƙara da labaran Hausa irin waɗanda mata ke tura wa juna ta waya. Wuta kan ɗauke kwana da kwanaki a unguwarmu Mahdiya, wayoyi su mutu, ita tana nan da ranta. Da safe in yi darasi, in kaina ya ɗau zafi in koma labari.

Cikin tsananin zafin shekarar nan aka yi harbe-harbe kusa da garejin. Ba da Yaya ake yi ba. Yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa a waje, harsashi ya same shi a ƙwauri. Aka kai shi wani ƙaramin asibiti, aka cire, aka ɗaure. Babanmu magini ne, in bai fita ba ba ma ci, Inna kuma tana gida Damagaram. Ni ce mai jinya.

"Ke, karanta mini wani abu," in ji Yaya, "ko na daina jin ƙafar nan."

Na buɗe masa labarin wasu 'yan'uwa masu rigimar gona. Ya shiga ciki sosai, har yana zagin babban wan, yana dariya yana cije leɓe. In barci ya kwashe shi, sai in danna in koma babin raunuka. Na karanta alamomin ruɓewar nama, na ɗaga zanen da ya rufa da shi. Yatsun ƙafar sun fara baƙi, sun yi sanyi, jikinsa kuwa kamar garwashi. Warin ma na daɗe ina jin sa, ina ce wa kaina na ɗakin ne.

Likita ya ce sai an yanke ƙasa da gwiwa. Baba ya ƙi.

"A kai shi gida, akwai mai ɗori a garinmu. Ba zan mayar wa uwarsa rabin ɗa ba."

Ya tafi neman motar Agadas. Kwanakin da ya yi yana nema, ni ina zaune ina kallon baƙin yana hawa, Yaya yana ce mini in ci gaba da labari, muryarsa na ƙara shigewa. Ranar da Baba ya zo ya ce an samu mota, na ja shi waje bakin baranda. Ban taɓa musa masa magana ba tun da aka haife ni. Bai iya karatu ba, don haka hotunan babin raunuka na buɗe masa a na'urar.

"Baba, wannan ita ce ƙafar Yaya yau. Wannan ta ƙasa kuma, haka za ta koma kafin ku fita daga sahara. Ba zai kai Agadas ba."

Ya karɓi na'urar da hannuwansa da siminti ya tsattsaga, ya daɗe yana kallo.

"Ke kin tabbata, ko dai abin nan ne ya faɗa?"

"Shi ya faɗa, likita ya faɗa, kai ma ka ji warin, Baba."

Ya miƙo mini, ya shiga wurin likita. A lokacin abin ya riga ya wuce gwiwa. A cinya aka yanke.

Da Yaya ya farfaɗo na ɗauko na'urar zan ci gaba masa da labarin, ya ce in bari, ya juya fuskarsa bango. Kafin a sallame shi mai gareji ya ɗauki wani a madadinsa. Baba ya yi watanni ba ya haɗa ido da ni. Ba fushi ba ne, ina jin ganina ne ke tuna masa barandar nan. Ni ma na koma makaranta, darasi kawai nake buɗewa, labari ya fita raina.

Da sanyi ya shigo aka ɗora Yaya a bayan mota da sandunansa, tsakanin jarkokin ruwa, ya koma wurin Inna. Yanzu yana da 'yar rumfa yana sayar da kayan babur. Na gama karatu, ina wankin ciwo a wani asibiti a unguwar Abdulkafi, nan Sabha. Baba ya so ya ajiye aiki ya bi shi gida, hali bai yi ba. Gashinsa ya yi fari fat, har yau yana hawa gini da bulo a kafaɗa.