Kusurwar Dawuda Mai Shibriya

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka wajen 1965 ya san Dawuda Mai Shibriya, in bai san shi da suna ba to ya san shi da wuya, don wuya ne kamar turmi. Basakkwace ne. Ya zo Hajji da ƙafa yana saurayi, ya ce bari ya ɗan huta kafin ya koma. Ɗan hutun nan ya kai shekara goma sha ɗaya, har da mata, Ramlatu, da 'ya'ya biyu. Takardar zama kuwa, ko ta naɗe ƙosai ba shi da ita.

Sana'arsa ɗaukar shibriya, gadon katakon nan da ake ɗora tsoho ko marar lafiya, mutum huɗu su aza a ka su yi ɗawafi da shi. Aiki ne da ba ya son mai gaban kansa. Ɗaya ya yi gaggawa da taku guda, gado ya karkace, alhaji ya fara salati. Dawuda ke riƙe da kusurwar baya ta dama, shi ne kuma mai ba da murya: ya ce a tafi a tafi, ya ce a tsaya a tsaya.

Bayan Allah da Ma'aiki da iyalinsa, ba abin da yake so kamar ƙwallo. Shi ne ɗan bayan ƙungiyar unguwa, kuma ƙungiyar nan, a faɗi gaskiya, ragarta ta zama gidan kowa. A kakar da ta wuce ƙwallo talatin da ɗaya aka zura musu a wasa tara. Kowane ɗan baya gudunsa yake yi inda ya ga dama, Dawuda ya yi ta tsawa har muryarsa ta dushe.

Shugaban ƙungiyar shi ne Idris, mai shagon yadi, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Shi ya kira Dawuda shago ya zuba masa shayi, ya ce bana za a yi wa ƙungiya rajista a ofishin wasanni, kowane ɗan wasa da katinsa mai hoto, amma ba za su je su sha kunya a gaban mutane ba, sai an gyara baya. Dawuda ya tuna masa ba shi da takarda.

"Wannan a wuyana yake, ya akhi," in ji Idris. "Kai dai gyara min baya, sunanka ne na farko."

Kati mai hoto! Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana sauya hanya in ya hango ɗan sanda, yau ga takarda da sunansa a kai. Ya koma gida bakinsa har kunne.

Dabarar da ya yi ba wanda ya taɓa tunaninta. Ya ɗebo abokan ɗaukarsa uku, Hadi da wasu biyu, waɗanda duk wani ubangida ya samar musu takardar zama. Ba gwanaye ba ne, amma sun san takunsa, sun san muryarsa. Kullum bayan la'asar su tafi wani fili a Ka'akiyya, su jeru su huɗu, su matsa gaba tare, su ja baya tare. 'Yan gaban da ke gwada su suka rasa ta inda za su shiga, sai satar gida suke ta yi.

Ana haka Idris ya kawo Yunus, ƙanen matarsa, ya ce a koya masa, ko wani zai ji ciwo. Yunus yana da gudu amma ba ya jin kira. Dawuda ya ce wannan ba a fili za a gyara shi ba. Da Hajji ya zo, ya cire gammonsa ya ɗora masa, ya ba shi kusurwarsa, shi yana biye a gefe yana gyara masa taku. Ramlatu ta ce ita fa ba ta ga dalilin wannan wahala a kan ƙanen matar wani ba. Ya ce ba ta san ƙwallo ba ne. Kafin alhazai su watse, Yunus ya iya ba da murya kamar shi ya haife ta.

Ranar da katuna suka iso aka taru a shago. Idris ya kira Hadi, ya kira sauran biyun, ya kira Yunus. Shi ke nan na 'yan baya. Ya ce wallahi ya yi iya yinsa, ofis ne suka ƙi, ya ƙara wa Dawuda shayi.

Da a nan ta tsaya, da Dawuda ya haɗiye, don ya saba da ƙin ofis. Amma da ya karɓi katin Yunus zai sa masa albarka, sai ya ga tambarin ofis da kwanan wata. Karatunsa bai yi nisa ba, amma ya san Sha'aban in ya gan shi a rubuce. Tun kafin a fara zuwa Ka'akiyya ke nan. Ashe tun farko Yunus aka rubuta a gurbinsa, sunan Dawuda ko hanyar ofis bai taɓa gani ba.

Ya fice daga shagon. Ya tare Hadi a bakin lungu, mutumin da suka shekara shida ƙarƙashin katako ɗaya, ya tambaye shi yaushe suka sani.

Hadi ya sunkuyar da kai. "Tun kafin Hajji, Yaya. Idris ya ce in muka faɗa maka, ba za ka koya wa Yunus ba."

Abin ya ci Dawuda ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa, ƙato da shi, a gaban masu wucewa. Ya dubi Hadi.

"Da kun faɗa mini," ya ce, "da na koya masa duk da haka."

A kakar nan ƙwallo huɗu kacal aka ci ƙungiyar, unguwa ta yi ta yabon basirar Idris. Dawuda ya rayu shekara ashirin bayan haka a Mansur, bai sake zuwa kallon wasa ko ɗaya ba.