Mai Tuwo a Ƙofar Yamma

A shekarar da na yi aure wata mata ta zo garinmu tare da ayarin fatake masu gishiri. Ayarin ya kwana biyu a zango ya wuce Danja, ita kuwa ta zauna. Doguwa ce, ta fara furfura, tana ɗan ɗingishi. Ta je gaban mai gari ta ce ita 'yar garin nan ce, mahara ne suka ɗauke ta a gona tana ƙarama, yanzu ta sami 'yanci ta dawo. Gidan da ta ambata ya daɗe da zama kufai, ba sauran mai shaidarta. Ta roƙi wurin kafa rumfar tuwo, aka ba ta kusa da ƙofar yamma.

Ba mu yarda da ita ba. A wancan zamani rani ba ya zuwa sai da fargaba, kuma kowa ya san mahara kan turo ɗan leƙen asiri kafin su faɗa wa gari. Daga rumfarta ana ganin mai shiga da mai fita, da lokacin da ake kora shanu kiwo, da inda ganuwa ta zube. Ni masaƙi ne, inda muke saƙa ba nisa da ita, sai mai gari ya ce in riƙa ci a wurinta ina kasa kunne.

Wata biyu na yi ina zuwa da rana. Tuwon dawa take yi da miyar kuka, ta zuba a akushi, ta zauna gefe tana tambaya. Ko tsamiyar bakin tsohuwar rijiya tana nan? Gonar wa ce a hayin rafi? Duk tambayar da ta yi sai in kai wa mai gari. Hausarta ta karkata irin ta mutanen arewa, kuma in Buzaye suka sauka takan yi magana da su da yarensu, ƙasa-ƙasa. Ina cin tuwon ina jin daɗinsa, ina kuma jin haushin kaina.

Bayan damina aka yi gayyar gyaran ganuwa. Da rana ta take sai ga ta da tuwo a masaki, wato babbar ƙwarya, ba wanda ya sa ta. Ta wuce dattawa a inuwa ta fara ajiye wa masu kwaɓa ƙasa. Matasa suka ce rashin kunya ce. Tsofaffi kuwa ba su ga laifinta ba, domin haka ake yi a garinmu a da, kafin a bari.

Na kai wa gwaggona ragowar miyar. Ƙanwar kakana ce, amma gwaggo muke ce mata; idonta ya mutu amma hankalinta garau. Ta ɗanɗana, ta ce wannan ba kanwa aka sa ba, ruwan tokar karan gero ne, kuma a saninta gida ɗaya ne ke yin daddawa mai wannan ƙamshi, gidan nan da ya zama kufai. Ta sa na ja ta har rumfar. Suka gaisa, gwaggo ta tambaye ta laƙabin da ake kiran uwarta da shi a cikin gida, matar ta faɗa daidai. Gwaggo ta kama hannunta na hagu tana shafawa tun daga wuyan hannu har gwiwa, tana sa mata albarka.

A hanyar komawa ta tsaya ta ce mini yarinyar da aka ɗauke ta taɓa faɗawa murhu, tana da tabon ƙuna babba a wannan hannun. Wannan kuwa hannunta sumul.

Na ce, "To, Gwaggo, ai sai in gaya wa mai gari."

Ta ce, "Ba za ka gaya masa ba. Duk inda ta koyi miyar nan, a hannun 'yarmu ta koya. Sun zauna tare, kuma sun daɗe."

Na kwana uku ina juya maganar. Wanda ya yi ƙarya a kan asalinsa, me zai hana shi yin wata? Amma da mai gari ya tambaye ni, na ce ban ji komai ba. Ban daina sa mata ido ba, kuma na tabbata ta sani.

Mahara ba su zo a ranin nan ba. Da suka zo bayan shekara biyu, ta gabas suka ɓullo, ita kuma tana cikin matan da ke jido wa maza ruwa a bakin ganuwa. Duk da haka akwai gidajen da har ta rasu ba su taɓa cin tuwonta ba. Matata ta koyi miyar a wurinta, ta koya wa 'ya'yanmu. Ban taɓa tambayar matar ko wace ce ita ba, ita ma ba ta taɓa faɗa mini inda ta baro 'yar garinmu ba, a raye ko a mace.