Jannatu Mai Shayi da Mutumin Cikin Littafi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Gadarif ta wajen 'yan riɗi ya ga Jannatu mai shayi, amma ba lalle ya tuna ba. Haka Allah ya yi ta, mace ce da ido ke tsallakewa. A Ƙala'at an-Nahal aka haife ta, jikar mahajjatan da guzuri ya ƙare musu a hanya. Ta yanki riɗi har hannunta ya yi kanta. Ta yi aure, mijin ya tafi aikin gona yankin Simsim, sai takardar saki ya aiko da direban tarakta. Shekara goma sha tara ke nan tana fifita gawayi a gindin dalbejiya ɗaya.

Larabci a bakinta kamar ruwa, amma a rubuce ko alif ba ta sani ba. Maƙwabciyarta Manahil mai turare ce ke karanta mata littattafai a waya idan rana ta take, tana juya su da Hausa don kada masu shan shayi su gane. Kuma wane irin littattafai! Na son da ya zama ciwo: namiji ya yi shekaru yana bin mace, ya san lokacin fitarta, ya tsince gashin da ta zubar, ƙarshe ya kulle ta a ɗaki.

"A'uzubillahi!" in ji Jannatu. "To sai me ya faru?"

Tsoro kam tana ji, wallahi tana ji. Amma har cikin ranta tana kishin matan nan. Rannan bakinta ya suɓuce ta ce, "Ita dai an san da ita a duniya."

Manahil ta ji, ta yi murmushi. Muguwa! Daga ranar ta fara yi wa labarin ƙari. Mutumin cikin littafi ya zama mai awon riɗi, mai haƙorin azurfa, mai shan shayi ba sukari. Matar kuma ta zama mai shayi. Wa ke da wannan kama in ba Abdelaziz ba, Balaraben da ya shekara shida yana zama a kujerar Jannatu kullum bayan azahar?

"Manahil, don Allah haka aka rubuta?"

"Ga shi nan, Yaya, karanta da kanki," ta miƙa mata wayar.

Baiwar Allah ta yarda cewa littafin asirin Abdelaziz ya tona. Ta canza hanyar gida don tsoro, tana tafe tana waiwaye, kuma in ba ta ga kowa ba sai ranta ya ɓaci. Ta sayi sabuwar lafaya ruwan goro. Ta sa lalle, abin da ta manta rabonta da shi. Manahil kuwa ta gama baza zancen a layin masu turare, kowa na jira.

Ranar da aka karanta mata wurin da mutumin ya kulle matar, Jannatu ta kasa daurewa. Abdelaziz na zama ta tsaya a gabansa, ta ce da Larabci, da ƙarfi:

"Na san kai ke bina. In da gaske kake, ka je ka ga yayana. Amma ni ba za a kulle ni ba!"

Abdelaziz ya ɗago ya dube ta, kallon farko a shekara shida. Babu fushi a fuskarsa, babu kunya. Tausayi ne kawai.

"Ya hajja, lafiya? Zauna, rana ce ta buge ki." Ya juya wajen Manahil. "Ke, wannan tsohuwar tana da 'ya'ya a kusa? Yaya ma sunanta?"

Dariya ta ɓarke har wajen 'yan riɗi. Jannatu ta koma ta durƙusa gaban gawayinta, ta zuba masa shayinsa, ta kai masa da hannunta mai sabon lalle. Ya karɓa bai ɗago ba.