Bencin Bakin Ƙofa

Gesine Oltmanns ta yi shekara tamanin da 'yan kai a ƙauyenmu na bakin fadama, can arewacin Jamus. Ta yi aikatau a gidajen manoma, ta yi aure, ta haifi biyar ta binne biyu, ta tsufa tana saƙa wa jikokin wasu safa. Kowa ya ɗauke ta mai nauyin kai, don ko takarda aka kawo mata sai ta miƙa wa wani ya karanta. Waɗanda suka yi aji da ita, tun zamanin da hoton sarki ke rataye a bangon makaranta, su kaɗai suka san akwai lokacin da ba yarinyar da ta kama ƙafarta.

Makarantar ɗaki ɗaya ce, malami ɗaya, Malam Brunken, mutum mai gashin baki da tsumagiya. Maza a dama, mata a hagu, siririyar hanya a tsakani. Takalman katako a zaure ake jera su saboda ƙara, a shiga da safar ulu, ko da ƙanƙara ta jiƙa ta a hanya. Idan sanyi ya shigo, kowane yaro sai ya zo da curi ɗaya na busasshiyar ƙasar fadama, wadda muke ƙonawa a madadin itace, ya ajiye gefen murhun ƙarfe.

Zama kuwa bisa ƙoƙari ne. Idan na bayanka ya amsa abin da ka kasa, sai ku yi musayar wuri, gurbi ɗaya kacal. Murhun yana gaba kusa da teburin Malam, ƙofa tana baya, iska na shigowa ta ƙarƙashinta. Kowa curi ɗaya ya kawo, amma masu kai ne ke shan ɗumin. Wanda ya fara ƙirƙiro wannan tsari, ban san abin da yara suka tare masa ba.

Gesine tana da shekara goma sha biyu, ita ce ta ɗaya a gefen mata, har gumi take yi. Ƙanenta Eilert, ɗan shekara bakwai, shi ne na ƙarshe a gefen maza. Ba daƙiƙi ba ne, bahago ne. Kwat ɗin babansu aka rage masa, hannun ya yi masa yawa, sai ya zamana in ya saci rubutu da hagu a kan allon dutse, hannun rigar na bi yana gogewa. In Malam ya ɗaure masa hagun a jikin benci, abin da dama ke yi kamar tonon kaji. Tun farkon sanyi yake tari, tarin kuma kullum ƙara zurfi yake.

Ta fara da ba shi mayafinta na ulu. Bai kai tsakar rana a wuyansa ba.

"Kai jama'a, ga amarya!" in ji Tjark, ɗan maƙeri. "Eilert, ina ka baro 'yan kunnen?"

Da aka fita shan iska Eilert ya cusa mata shi a hannu, idonsa jawur. "Yaya, karɓi abinki. Gara sanyin."

A gida ta ce, "Inna, a bar shi ya kwanta mana." Uwar ba ta ko ɗago daga tukunyar dankali ba. "A bar shi, a zo a kai babanku gaban hukuma don ya hana yaro zuwa makaranta? Tari ne, wa bai yi ba?"

Sai ta yi ta maza ta tunkari Malam. "Malam, don Allah a ba Eilert wurina, ni in koma nasa."

"Wuri ba gadon gidanku ba ne, Oltmanns. Mai son wuta ya neme ta da ƙwaƙwalwarsa. Zauna."

Ta zauna, amma ta riga ta hango wata dabara. Bencin ƙarshe na mata yana daf da na Eilert, shi ne ma ya fi kusa da ƙofa. In ta kai can, jikinta zai tare masa iska, ta kuma shimfiɗa gefen siket ɗinta mai kauri a kan ƙafafunsa ba wanda ya gani.

"Bakwai sau takwas, Oltmanns?"

"Arba'in, Malam."

Ƙawarta Wübke, ta biyu, ta faɗi daidai, suka yi musaya, tana raɗa mata, "Ke, giyar babanki kika sha da safe?"

Ashe gangarowa ta fi hawa wuya. Gurbi ɗaya ake sauka, kuma sai ta bayanka ta iya amsar. Da ta kai tsakiyar aji, sai ta tarar da 'yan matan da ko sunan ranar ba su sani ba, dole ita ke raɗa musu amsa kafin su wuce ta. Kowane kuskure da tsumagiya a yatsu. Malam kuma ba yaro ba ne. Wata rana ya tsaya a kanta ya ce, "Na san wasan da kike yi." Daga nan ya daina tambayarta sai ya ga dama, wani lokaci mako guda bai kira sunanta ba. Tana zaune tana jin tarin daga baya, tana ɗaga hannu don a ba ta dama ta yi kuskure. Abin ya ci ranta, ta tsani mutumin nan tsana mai tsanani, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba.

Ana tsakiyar watan Fabrairu, wata safiya Eilert ya kasa tashi, numfashinsa na fita da ƙyar. A ranar ne Malam ya tambaye ta babban birnin ƙasa, ta ce ba ta sani ba, ta raɗa wa ƙaramar yarinyar da ta rage a bayanta. Ta kwashi allonta ta koma bencin bakin ƙofa.

Sai a lokacin ta ji iskar. Ta bi ta jiƙaƙƙiyar safarta, kafin a gama darasi ba ta jin yatsun ƙafarta. Ta dubi gurbin Eilert da ke gefenta. A cikin wannan yake zaune tun kaka, bai taɓa gaya mata haka abin yake ba.

Bai kai ƙarshen mako ba. 'Yan makaranta ne suka yi waƙa a bakin kabari, kamar yadda aka saba, Malam na ba su murya.

Ranar Litinin ya tsaya a gaban aji, bai kalle ta sosai ba, ya ce, "Oltmanns, tashi ki koma wurinki na gaba."

"Nan ne wurina, Malam," in ji ta. "Da hannuna na same shi."

Shekara biyu suka rage mata a makarantar, a bencin nan ta ƙarasa su.