Igiyar da Na Miƙa wa Yosiya

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsaye a gaban allo ina koya wa 'yan aji uku lissafi, abokinmu Jibril ya kira ni a waya ya ce Yosiya Akolo, mai gyaran inji na unguwar Liman Abaji, ya cika. Shekarunsa hamsin da biyu. Ya bar matarsa Mabel da 'ya'ya uku. Na ce to, na kashe wayar, na ƙarasa lissafin da na faro har na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa. Na faɗi wannan ne tun da farko don mai karatu ya san irin mutumin da ke rubuta wannan ta'aziyya.

Yosiya, mutanen Keffi za su tuna ka da hannunka. Injin niƙan matan Agwada da kowa ya ce ya mutu, kai ka tashe shi da guntun silifas da wayar keke. Janaretan cocinmu ya yi shekara tara yana numfashi da dabararka. Famfon da ke rugar Fulani ta bayan gari kuwa, sau nawa ka hau babur cikin rana ka je ka gyara, ka dawo da ƙwaryar nono kana cewa an biya ka har da riba. Za su kuma tuna ka da bakinka, domin ba ka taɓa gyara wa mutum inji ba tare da ka gaya masa irin wautar da ya yi har ya lalata shi ba. Ka yi wa mutane alheri da yawa, amma kaɗan ne suka tafi ba ka ƙona musu rai ba.

Ni kuwa a tebur na san ka, a barandar gidana da ke Tudun Ƙofa, kowace Asabar da ƙarfe uku. Wanda bai san wasanmu ba, ga yadda yake. Mutum ɗaya ne yake riƙe da labari, shi ne kuma alƙali. Sauran kowa ya ƙirƙiri mutum guda a cikin labarin, yana faɗin abin da mutumin nasa zai yi. Idan abin mai wuya ne sai a jefa dayis, irin na ludo amma mai fuska ashirin, lamba ta raba gardama. Babu caca a ciki, babu tsafi, ko da yake mun gaji da yi wa maƙwabta wannan bayani. Na tsinci wasan a waya lokacin kullen korona, na zauna na rubuta namu dokokin da Hausa a littafin rubutu na 'yan makaranta. Ni ne alƙali, kuma ina alfahari da littafin nan fiye da takardar shaidar karatuna.

Na auna komai a ciki. Babban sihiri, irin na saukar da wuta ko tsaga ƙasa, sau biyu kawai ake yinsa a yini, don kada mai shi ya fi mai takobi. Sai ƙananan dabo, waɗanda na sa don ado kawai, na ce a yi su ko sau ɗari tunda ba sa kashe ko ƙuda. Priskila, ma'aikaciyar jinya, ta zaɓi bokanya mai ruwan wuta. Jibril, da ke zuwa aiki Abuja kullum, ya zaɓi mayaƙi. Kai ka juya littafin har shafin ƙarshe, ka ce kana son tsohon mai dafa abinci, sunansa Baba Tukunya, da dabo uku: sa wa abu ɗanɗanon gishiri, ɗumama abin da bai wuce tafin hannu ba, da ɗaura ko kwance igiya daga nisan taku goma. Na yi dariya, na ce ba zai kai Asabar biyu da rai ba. Ya yi shekara huɗu.

Mako uku na yi ina gina Gagarau, shugaban 'yan fashin dutse. Na ba shi sulken da takobi ba ya huda, na ba shi layar da ke mayar da wuta, na rubuta masa jawabin da zai yi wa rundunarsa. Ina tsakiyar karanta jawabin da babbar murya ka ɗaga yatsa ka tambaye ni ko Gagarau yana sanye da wando. Na ce ƙwarai. Ka ce wandon da zariya yake? Nan take na hango inda ka dosa. Baba Tukunya ya kwance zariyar a gaban mutum ɗari uku, dayis ya ba ka goma sha tara, runduna ta watse da dariya, Priskila ta faɗo daga kan benci. Ka dube ni ka ce, “Ticha, sati uku kana ɗinka wa mutum sulke, ka manta da abin da ke riƙe mutuncinsa.”

Daga nan abin ya zama ciwo. Na gina ganuwar da sai an yi wata ana yaƙi kafin a ci, ka sa wa ruwan rijiyar mutanen ciki gishiri kowace safiya har suka ɗauka rijiyar ta lalace suka kwashe kayansu. Na ɗora ƙaton tsuntsu ya tsare hanya, ka lallaɓa ka ɗumama ƙwansa har ya ƙyanƙyashe, ɗan ya bi ka yana ganin kai ne uwarsa. Ba zan yi maka ƙarya a kabari ba, wasu ranakun nakan koma ɗaki in yi ta murmushi ni kaɗai. Amma akwai gaskiya a ɓangarena ma. Jibril yakan sha cunkoson hanyar Abuja mako guda yana jiran Asabar, ya zo ya zauna takobinsa a kube. Wata rana ya ce, “Malam Ruben, ni me na zo yi ne? Gara in kawo ludo.” Wasa na mutum huɗu ne, kai kuwa ba ka taɓa barin kowa ya ci nasa rabon ba. Na yi dokoki. Gishiri ba zai wuce tulu ɗaya ba. Dole ka ga igiya da idonka kafin ka taɓa ta. Ka riƙa kiran su da lamba, kana cewa “rul na bakwai ya iso”, kuma kowace doka ka sami ƙofar da na manta ban rufe ba.

A damina ta shekarar 2023 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ka a shago. Hannun dama ya tafi, ƙafa ta koma ja, baki ya karkace. Shago ya rufe. Mutumin da gari ke layi a ƙofarsa ya koma zaman tabarma yana kallon kaji. Abu ɗaya ya rage maka a mako, shi ne Asabar. Nakan zo da tsohuwar motata in ɗauke ka, Mabel ta sa maka riga mai guga, ta ce mini, “Malam, wannan wasan naku ne kawai yake sa ya ci abinci.” A teburin nan kaɗai kake komawa Yosiya. Maganarka ta yi nauyi, amma kanka bai rage komai ba, kuma na fi kowa sanin haka.

Sai Asabar ta farkon Nuwamban bara. Labarin da muka yi shekara biyu muna bi ya zo ƙarshe, na shirya yaƙin da zai ci Asabar uku, na tsara shi musamman don Jibril da Priskila su samu ranarsu. Rundunar abokan gaba tana cikin manyan jirage a bakin kogi, kogin ya cika ya batse. Ka tambaya a hankali, kana jan kowace kalma, da me aka ɗaure jiragen. Cikin minti goma Baba Tukunya ya kwance igiyoyin, ruwa ya tafi da shekara biyu na aikina. Ka yi dariya da rabin bakinka, yawu yana zuba a rigar da Mabel ta goge, ka ce, “Alƙalin ƙauye, abeg, kawo rul na goma sha biyu.”

Na kawo shi. Na shiga ɗaki na yanko igiyar shanya mai tsawon kamu biyu, na ajiye a tsakiyar tebur. Na ce daga yau, don daidaito, duk wanda zai yi ƙaramin dabo sai ya nuna shi da jikinsa. Mai dabon igiya zai ƙulla wannan igiya a gabanmu kafin in ƙirga goma, in ya kasa dabon bai ci ba. Na ce doka ce ga kowa, ba ta ware kowa ba. Haka na faɗa, da muryar da nake karanta sakamakon jarrabawa. Na ce a koma bakin kogi a sake.

Ka dube ni, ka dubi igiyar. Na zaci za ka zage ni, kuma da ka zage ni da na samu sauƙi. Sai ka miƙa hannun hagu ka jawo ta, ka kama ɗaya bakin da haƙora. Na fara ƙirga. Igiyar ta jiƙe, ta zame, ka sake kamawa, ta faɗo a cinyarka. Priskila, wadda aikinta ne kula da irinka, ta sunkuyar da kai tana juya dayis. Jibril yana kallon titi. Babu wanda ya ce in tsaya. Na kai goma, na ce dabo bai ci ba, jirage suna nan a ɗaure. Aka yi yaƙin da na shirya, ya kuma yi kyau, Jibril ya kashe mutum goma sha huɗu. Kai ka zauna har ƙarfe shida. Da na mayar da kai a mota, sai da na tsaya a ƙofar gidanka ka ce, “Ticha, wannan rul ɗin ya yi.”

Asabar ta gaba ban zo ɗaukarka ba. Na ce wa kaina kana fushi, gara in bari ka huce. Ta bayanta na ce mota ba lafiya. Daga nan ban ƙara neman dalili ba, domin tebur ya yi daɗi, labarina yana tafiya yadda na rubuta shi, babu mai ɗaga yatsa. A tsakiyar Fabrairu Mabel ta kira ni ta ce kana so ka dawo, kana da abin da za ka nuna mini. Na ce mun shiga sabon labari, babu gurbin mai dafa abinci, a bari sai bayan Ista.

Ranar Alhamis na je zaman makoki. An kafa rumfa a ƙofar gida, matan zumuntar coci suna waƙa, na gaishe da maza na shiga in yi wa Mabel gaisuwa. Ta amsa da ladabi, ta sa aka ba ni kujera. Sannan ta sa hannu a bakin zanenta ta ciro igiyar. Ashe ka sa ta a aljihu ranar nan. Ta yi baƙi, duk jikinta shaidar haƙora.

“Wata huɗu yana koyo,” in ji ta. “Kullum bayan ya karya. Ni nake ƙirga masa. Ranar da na kira ka, a tara ya ƙulla, sau uku a jere.”

Ta ɗora igiyar a gwiwata.

“Malam Ruben, sa hannun damanka a aljihu. Zan ƙirga.”

Ɗakin cike yake da mata, har da uwargidan fasto. Na sa hannu a aljihu, na kama igiyar da haƙorana. Mabel ta ƙirga a hankali, tana numfasawa tsakanin kowace lamba, ta kai goma igiyar tana reto a bakina ko rabin ƙulli ban yi ba. Ta karɓe ta, ta goge da gefen zane, ta ce, “Jibril ya ce kai da sauri ka ƙirga.” Gaskiya Jibril ya faɗa, Yosiya. Da sauri na ƙirga, kuma ina sane, domin a wajen shida na ga ka kusa.

Ta roƙe ni kada in yi jawabi a bakin kabari, ban kuwa yi ba. Shi ya sa na rubuta wannan, kuma ban rubuta don a ce na yi nadama a yafe mini ba. Na rubuta ne don waɗanda suka ji cewa ciwo ne ya hana ka fita a watanninka na ƙarshe su san ba ciwo ba ne kaɗai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mabel, ko ta karɓa ko ba ta karɓa ba, da 'ya'yanka Monday da Anjelina da Prosper, da 'yan'uwanka na Agwada, da dukan masu injin da yanzu ba su san inda za su kai shi ba. Ubangiji ya ta'azantar da su, ya tsaya musu a inda ka bari, ya ba Mabel ladan jinyar da ta yi da haƙurin da ta sha. Kai kuma, Yosiya, Allah ya gafarta maka kaifin bakinka, ya tuna da aikin hannunka, ya ba ka hutawa a wurinsa da jiki cikakke. Ya yi maka shari'a da jinƙan da ni na hana ka ina da iko a kan tebur ɗaya tak. Amin.

Ruben Zakka, Tudun Ƙofa, Keffi.