Jita a Rumfar Faci

Ni mai faci ne a Daura, a bakin titin da ya nufi Kongolam. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya. Da Baba ya rasu aka ce ɗaya ya ci gaba, ɗaya ya kama sana'a, aka zaɓi yayana. Yau shi ne mai fansho da babbar riga, ni ne mai baƙin hannu. Haka abin yake, ban ƙara gishiri ba.

Wani direba Buzu da ke zuwa daga Nijar ne ya ba ni jitar. In ina gyara masa taya sai ya zauna a benci yana kaɗawa. Da wuyanta ya tsage ya sayi sabuwa, ya bar mini tsohuwar, tsirkiya biyu a tsinke. Na manne wuyan da gam, na naɗe da robar tub, na warware wayar burkin babur na ɗaura a madadin tsirkiyun.

Waƙa ɗaya nake so in iya. Ta soyayya ce, mai sanyi, a lokacin ba wayar hannun da babu ita a ciki, daga teburin mai shayi har 'yan acaɓa. Matata takan rera ta ƙasa-ƙasa in tana tankaɗe, tana zaton ba na ji.

Da tsirkiya ɗaya na fara, ina bin muryar mawaƙin kamar mai kiɗan kuntigi. Buzun ya dawo ya same ni, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Ya ce, "Aboki, shida aka ba ka, kana azabtar da ɗaya." Ya nuna mini yadda ake danne uku a tare. Hannuna da ke ɓare tayar tirela, sai ga siririyar waya ta fasa masa yatsu. Na yi ta yi, daga damina har aka kai gero rumbu. Akwai wurin da murya ke hawa, dole yatsu su yi tsalle gaba ɗaya. Kullum nan nake faɗuwa.

Labari ya kai wa yayana, ya zo har rumfa, bai ko zauna ba.

Ya ce, "Gidanmu ba a taɓa roƙo ba. Baba dillalin shanu ne, kakanmu malami. Ranar da ka karɓi liƙi, kada ka sake ce mini Yaya."

Na ce, "Yaya, kiɗa daban, roƙo daban."

Ya ce, "A Daura?" Ya hau babur ɗinsa.

Ranar sunan jikata ta fari, bayan la'asar, maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida, matata ta aiko daga ciki wai tana so ta ji waƙar nan. Matar da ba ta taɓa roƙona ko ɗankwali ba. Na ɗauko jita na zauna a bakin zaure yadda sauti zai shiga ciki. Yayana na gefe, ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na fara, surutu ya lafa. Ina tsakiya sai wani Alhaji daga dangin mijin 'yata, ɗan kasuwar hatsi daga Zango, mutumin kirki, ya miƙe da sabuwar takardar kuɗi ya manna mini a goshi. Daidai wurin da nake faɗuwa. Maroƙi a nan yake tsayawa ya yi godiya, ya kira sunan mai kyauta da na ubansa. Ni ban tsaya ba, ban ɗaga kai ba. Gumi ya zame da kuɗin suka faɗi ƙasa, yatsuna suka haye wurin nan tsaf, abin da ban taɓa yi ba ko ni kaɗai. Na kai waƙar har ƙarshe. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa.

A waje kuwa kowa ya zuba mini ido. Kuɗi na kwance gaban ƙafata. In ɗauka, na zama abin da Yaya ya faɗa. In bari, na wulaƙanta suruki a bainar jama'a.

Sai yayana ya yunƙura, da ciwon gwiwarsa, ya duƙa ya ɗauka, ya kaɗe ƙasar, ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Alhaji, kuɗinka sun faɗi."

Alhajin ya dube shi, ya dube ni, ya yi murmushi ya mayar aljihu. Ya ce, "Allah ya ƙara basira."

Da Yaya zai tafi na raka shi wurin babur. Yana ta da shi ya ce, "Tsirkiyar nan ta ƙasa kuka take kamar ƙofar kwano. Ka canza ta."

Na ce, "To, Yaya."

Ban canza ba. Wayar burkin nan ce har yau, kuma da ita na haye.